Addu'ar da Ta Maƙale Mini a Summerfield

Shekarun baya can, bayan na yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje, ina aikin lodin kaya a wani sito da ke Wendover, na yi abota da wani dattijon Bature, ɗan Katolika kamar ni. Wata Asabar ya gayyace ni gidansa a Summerfield, wai suna taruwa su yi Rosari. Na ɗauki carbina na tafi.

Mu takwas ne a falo. Aka durƙusa, na buɗe baki zan bi su da Turanci, sai na ji wani abu daban, ba Turanci ba, ba kuma Latin ba. Kowa na riƙe da takarda yana karantawa da ƙyar. Na ce a raina, ko dai cikin wata sabuwar ɗariƙa na faɗo? Har na fara leƙen ƙofa.

Da aka ɗan tsaya, na raɗa wa abokina, "Baba, wane yare ne wannan?"

"Gaelic," in ji shi. "Da shi kakanninmu suke addu'a a tsibiran Scotland."

"Kuna jin sa?"

Ya yi dariya. "Babu mai ji a cikinmu. Koyo muke."

Abin ya ƙara ɗaure mini kai. Allah na jin Turanci, me ya kawo wannan wahala?

Sai wata tsohuwa ta roƙe ni in ja musu addu'o'i goma na gaba a carbin da yarena. Na gyara murya ina taƙama, ai ni da Hausa aka yi mini baftisma. "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri..." Ina kaiwa tsakiya sai kaina ya ɗauke. Na sake farowa, na sake cijewa a wurin. Turanci kaɗai ke zuwa bakina. Su kuwa bayin Allah sun sunkuyar da kai, sun ɗauka shirun ma cikin addu'ar yake.

Washegari na kira mahaifiyata a Kafanchan na faɗa mata. Ta ce, "To jikokina da me suke roƙon Allah?" Ta karanto mini addu'ar a hankali, layi layi, ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Har yau in na tuna sai in rasa yadda aka yi. Ban san ranar da addu'ar ta kuɓuce mini ba, ban ma ji fitarta ba. Su sai da aka yi kaka da kakanni kafin tasu ta ɓace. Ni tawa shekara goma sha ɗaya kacal ta ishe ta.