Cinikin Darlene Mai Ƙwai

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Wexcombe cikin shekara ashirin ɗin nan ya ci wainar ƙwan Darlene Michaud. Ƙarfe shida da rabi na safe za ka tarar da ita a bayan kaskonta a ɗakin cin abinci, gajeruwa, kakkaura, gashi a ɗaure cikin raga, tana fasa ƙwai biyu-biyu da hannu ɗaya. Ba ta da mantuwa. Yaron da ya ce mata ba ya cin albasa ranar da ya fara zuwa, har ya gama shekara huɗunsa ba zai gan ta a farantinsa ba. Wanda ya yi mata rashin kunya ma haka, kuma wannan ta fi riƙewa.

'Yar garin ce, daga gangaren kogi inda ma'aikatan masaƙa suke zaune tun kafin a rufe masaƙar. Kwalejin tana bisa tudu, su suna ƙasa, kuma mutanen ƙasa ba sa hawa tudun sai da tsintsiya ko ludayi a hannu. Ita ta hau ne lokacin da 'yarta Josie ba ta cika shekara uku ba, uban yarinyar kuwa ya bi jirgin kamun kifi ya manta hanyar gida. Albashin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya kawo ta layi ɗaya ne a littafin ma'aikata: duk wanda ya cika shekara goma sha biyar yana aiki, in ɗansa ya samu gurbi, kyauta zai yi karatu. A makarantar da ake biyan dala dubu tamanin a shekara fa! Gidan da take haya ma in an sayar da shi, da ƙyar ya biya shekara biyu.

Sau biyu asibitin gari ya neme ta da albashin da ya fi nata, sau biyu ta ce a kai kasuwa. Burinta ɗaya ne a duniya, Josie ta hau tudun nan da littafi a hannu, ta yi karatu a inda uwarta za ta riƙa ganin ta kullum.

Tana da shekara goma sha huɗu da wata bakwai a bakin aiki aka tara ma'aikatan kicin wata Juma'a. An ajiye kofi da fanke, abin da ba a taɓa yi musu ba, tun daga nan ƙawarta Bev Cyr mai wanke-wanke ta zungure ta ta ce, "Ke, yau akwai mutuwa."

Mista Whitcomb ne ya yi jawabi, mataimakin shugaban kwalejin mai kula da kuɗi, dogo mai laushin murya, irin mutanen nan da za su yanka ka suna tambayar lafiyar iyalinka. Ya ce daga watan gobe an miƙa kicin ga wani kamfani. Ba wanda za a kora, kowa zai ci gaba da aikinsa a inda yake, sunan da ke kan takardar albashi ne kawai zai sauya. Ya ce har gobe su iyali ɗaya ne.

Darlene ta ɗaga hannu. "Maganar karatun yara fa?"

"To, wannan tanadi ne na ma'aikatan kwaleji."

"Ni mece ce?"

"Daga watan gobe, ma'aikaciyar kamfani."

"Saura wata biyar in cika, Mista Whitcomb. Wata biyar. Baɗi yarinyata za ta gama sakandare."

Ya karkata kai gefe, ya yi fuskar ta'aziyya. "Na ji miki, Misis Michaud, na rantse na ji miki. Amma in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, kin san sauran."

Darlene ta sauke hannunta. Ta ɗauki fanke ɗaya ta cinye a tsaye tana kallon sa.

Kuma mutumin nan ba shi da kunya ko kaɗan. Duk Talata sai ya shigo layi tare da ɗalibai, wai a ga shi na mutane ne, ya ce a yi masa waina da farin ƙwai zalla, ban da gwaiduwa. Darlene ta soya, ta miƙa, ta ce a ci lafiya. Bev kamar ta fashe.

"Ke wace irin sakara ce? Ki tofa masa yawu mana! In ba za ki iya ba, ki miƙo farantin ta taga, ni ina da shi da yawa."

"Yawu?" in ji Darlene. "Shekara goma sha huɗu ki ce yawu? Haba Bev. Ki bar ni da shi."

Gaskiyar magana ita ce a lokacin ba ta san me za ta yi masa ba. Ta dai san ba ta yafe ba, kuma tana kwana da abin tana tashi da shi.

Josie yarinya ce mai kai, shiru-shiru, ta ɗaya a ajinsu tun tana ƙarama. Malamar da ke ba su shawara a sakandare, Misis Albright, ta matsa sai Josie ta nemi gurbi a manyan kwalejoji, har da Wexcombe, ta kuma zaunar da Darlene suka cike fom ɗin neman tallafi, mai tambayar har abin da ke cikin asusun ajiyarka. Ƙarshen watan Maris wasiƙu suka zo. Wexcombe ta ɗauke ta, ta ce a biya dubu goma sha huɗu a shekara. Wata kwaleji mai suna Brandvold, can Minnesota, tafiyar kwana biyu a mota, ita ma ta ɗauke ta, ta ce dubu uku.

Darlene ta kai takardun ofishin Misis Albright, ta juya su gaba da baya. "Ina dubu tamanin ɗin?"

Misis Albright ta yi murmushi. "Ai wannan kuɗin masu kuɗi ne. Mai ƙaramin albashi kamar ki ba a taɓa cajin sa haka."

"Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa."

Tabɗi! Wato duk shekarun nan da ta yi tana ƙona hannu, tana ƙin aikin asibiti, tana haɗiye wulaƙanci, farashin da take gudu ma ba nata ba ne. Kullum tana cikin makarantar, tana ciyar da masu lissafin, kuma ba a samu ɗan halak ɗaya da ya tsaya ya faɗa mata ba.

"Akwai kuma wani abu," in ji Misis Albright. "In wata makaranta ta fi su sauƙi, ana kai musu wasiƙar a ce su sake dubawa. Ba sa so a kira shi ciniki, amma ciniki ne."

Nan idon Darlene ya buɗe.

An yi sa'a jaridar ɗalibai ta samu labarin, ta buga hotonta a shafin farko da ludayi a hannu, ta ce an hana 'yar mai ƙwai karatu saboda wata biyar. Tsofaffin ɗalibai, waɗanda su ne ke aiko da kyautar kuɗi duk shekara, suka fara buga waya suna tambaya. Don haka da ta miƙa takardar ƙorafi, ba ƙaramin ma'aikaci aka haɗa ta da shi ba. Whitcomb da kansa ya aiko a kira ta.

Ta je da rigar aiki, ba ta ko sauya ba, tana ƙamshin mai da albasa, ta zauna a kujerarsa ta fata ta ajiye wasiƙar Brandvold a kan tebur. Ya ce sun duba, za su iya saukowa zuwa dubu tara.

"Albarka," in ji Darlene, ta miƙe.

Mako na zagayowa ya sake kiran ta. Dubu uku, daidai da na Minnesota.

"To me kuka fi su da shi ke nan? Su ko ƙwai ɗaya ban taɓa soya musu ba."

A zama na uku gumi yake yi. Ya ce ba za a biya ko sisi ba, har ɗaki da abinci da littattafai da kwamfuta. Abu ɗaya suke roƙo, a ɗauki hoton uwa da 'ya a bakin ƙofar kwaleji don mujallar tsofaffin ɗalibai. Darlene ta ce ya rubuta ya sa hannu, don ta taɓa ganin abin da aka rubuta ma ya ɓace, balle na baki. Ya rubuta, ya sa hannu. Ta sauko gangare tana dariya ita kaɗai a mota, har da dukan sitiyari.

Ga shi dai ta samu. Abin da ta yi shekara goma sha huɗu tana nema yana cikin jakarta, har da ƙari. Mai hankali da nan ya tsaya. Amma da ta tuna hoton nan, ita da Josie suna murmushi a mujalla, Whitcomb ya wanke kansa tas da fuskokinsu, sai ta ji abin ya tsaya mata a rai.

Ta ce wa Josie a teburin kicin ɗin gidansu, "Sun zaci sayen mu za su yi. Za mu nuna musu. Dubu ukun Minnesota ai ba ta gagare ni ba, in ƙara aikin Asabar. Ko ya kika gani?"

Josie ta daɗe tana kallon takardar. "To, Mama," ta ce.

Ɗaya ga Mayu ita ce ranar da kowane ɗalibi ke ba da amsarsa ta ƙarshe kan makarantar da zai shiga, kuma a shekarar ta faɗo ranar Talata. Ɗakin cin abinci ya cika maƙil. Whitcomb ya iso gaban kasko yana fara'a, har da cewa yau ranar farin ciki ce. Darlene ta soya masa wainarsa yadda yake so, ta ɗora a faranti, ta zaro wasiƙarsa mai sa hannu ta shimfiɗa a kai, mai ya huda takardar.

"Ga kayanka. Ba ma so."

"Misis Michaud, ban gane ba."

"Za ka gane." Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Alfarmar wata biyar na roƙe ka, ka ce babu ƙofa. Da jarida ta buga sai ga ƙofa har da taga. Ashe akwai kuɗin tun farko! 'Yata ta ɗaya ce a ajinsu, mutanen da ba su san ni ba sun neme ta. Ka nemi wata ka ɗauki hoto da ita. Na gaba!"

Wani ya fara tafi, ɗakin duka ya ɗauka, ana buga cokula a tebur. Bev ta leƙo ta tagar wanke-wanke tana guɗa da safar roba a hannu. Whitcomb ya tsaya riƙe da faranti, kunnuwansa jawur, ya rasa inda zai ajiye shi. Kai, ranar Darlene ta ji daɗi! Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sanyi a rai irin na wannan safiya ba.

A watan Agusta ta kai Josie filin jirgi da akwati biyu da rigar sanyi sabuwa. Sun yi sallama, yarinyar ta yi taku kaɗan, sai ta dawo.

"Mama, ba don in ɓata miki rai ba. Amma ni Wexcombe na so."

"Me kika ce?"

"Tun ina aji biyar na zaɓi ɗakin da zan zauna. Na so in riƙa saukowa gida ran Lahadi."

"To don me ba ki faɗa ba? Ai na tambaye ki!"

"Kin tambaye ni bayan kin gama yanke shawara. Kuma kusan shekara guda rabona da in ji dariyarki, sai ranar da kika dawo daga ofishinsa. Ta yaya zan karɓe miki wannan?"

Ta rungume uwarta, ta ja akwatunanta ta shige. Darlene ta fi awa ɗaya a mota ba ta tayar ba.

Whitcomb bai shekara biyu ba ya samu babban muƙami a wata makaranta, ya tafi abinsa, da wuya ma in yana tuna sunanta. Josie ta gama da sakamako mai kyau, ta samu aiki a can, ta yi aure a can. Tana zuwa Kirsimeti, wata shekarar kuma tikiti ya yi tsada.

Darlene tana nan a bayan kaskonta. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo sai ta ba ta labarin ɗaya ga Mayu, da muryar Whitcomb, da jan kunnuwansa, da bugun cokula, ba ta rage komai. In an zo wurin tafi sai ta tsaya. Wata sabuwa, ba ta san dawan garin ba, ta taɓa tambaya, "To ina yarinyar take yanzu?"

Darlene ta ce mata tebur na bakwai yana buƙatar gogewa.