Ɗaurin da Hamida Ta Koya ma 'Yan Mata

Ni ce Bilki mai ƙosai, wadda ke zama bakin ƙofar firamaren ƙauyenmu, can bayan Damari a ƙasar Sabuwa. Hamida ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wanda bai sani ba ba zai yarda ba. Ni baki gare ni, ita taurin kai. Tun tana ƙarama idan ta ce ba ta cin tuwo, to sai dai tuwon ya kwana.

Ita kaɗai ce a gidanmu ta yi boko mai nisa. Baba ya kai ta wurin gwaggonmu a Kankara, can ta yi sakandare, can kuma ta shiga 'yan gaid, wato sikawut ɗin mata. Ta zo hutu da ƙyalle shuɗi ɗaure a wuya bisa hijabi, tana sara ma mutane da yatsu uku. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Ke kuma Hamida, soja kika zama ko tunkiyar layya?" Ko kallona ba ta yi ba. Da ta gama karatun malanta ta ɗan koyar a Faskari, sannan ta auri Abdulƙarim, manomi ɗan ƙauyenmu, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Aka maido ta firamarenmu, ta zama Malama Hamida, ni kuma ina bakin ƙofa ina suya.

Lokacin akwai 'yan sikawut a makarantar, Malam Badamasi ke riƙe da su. Duk ranar Alhamis da yamma maza su sa kaki su fito fili, a busa usur, su yi ta maci suna tada ƙura har cikin kaskona. Ana koya masu ƙullin igiya, da yadda ake ɗaure rauni jini ya tsaya, da yadda ake zura gora biyu cikin riguna a ɗauki wanda ya faɗi. Da Hamida ta zo aka ba ta 'yan matan. Aikinsu kuwa shara, da waƙa, da ɗinkin hannu, idan maza sun fita zango bayan gari su dafa masu shinkafa da wake. Ƙyallen wuya dai kowace an ba ta, don ado.

Hamida ta sami Malam Badamasi a gabana, yana sayen ƙosai. Ta ce, "Malam, ina son in koya ma yarana ɗaurin rauni."

Ya ce, "Malama, ni ba ni da ja. Amma kin san mutanenmu. Ranar da aka ji ɗiya mace na koyon kama cinyar namijin da ba muharraminta ba, ranar za a kwashe maki su duka. Ki bar su da sharar, maza sun isa."

Ba mugun mutum ba ne, gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Ni ma na sa baki na ce ta bar rigima. Ta haƙura, kuma iyakar sanina wannan ne kaɗai haƙurin da ta taɓa yi da ba na aure ba.

To amma ga abin da babu wanda ya yi tunani a kai. A ƙasarmu idan 'yan bindiga suka shigo, maza ke fara gudu. Ba tsoro ba ne, mu matan ke kora su, don namiji suke fara harbi, babba ko yaro mai tasowa. Mata da tsofaffi da ƙananan yara ke saura cikin gari. Ashe duk waɗanda aka koya ma tsaida jini su ne waɗanda ba su nan lokacin da jinin ke zuba.

Shigowar farko da kaka suka yi ta, da hantsi, ana cikin sussukar masara. Hamida ta tafi Sabuwa wani taron malamai. Muka ji rurin mashina, kafin a ce mi ke nan sai harbi ta kowane gefe. Sun zo goye da juna, fuska naɗe da rawani. Suka cinna ma rumbuna wuta, suka kora shanu, wani tsoho da ya riƙe igiyar sansa suka sare mashi hannu da adda a gaban jikokinsa. Abdulƙarim ya tsaya ɗaga wata yarinya da ta faɗi, harsashi ya same shi a cinya, sama da gwiwa kaɗan. Ya ja jiki har gindin darbejiyar makaranta.

Da suka tafi muka kewaye shi. Jini na tsartuwa kamar an huda tiyo. Wata ta zuba toka, wata ta kawo ƙasa, wata ta tauna ganye ta liƙa, duk jinin ya wanke. 'Yan matan Hamida na tsaye a kansa suna kuka, wasu da ƙyallen nan a wuya. Yaran Malam Badamasi kuwa na can cikin daji kwance a kwazazzabo. Abdulƙarim ya yi ta neman ruwa, ya yi shahada, ya yi fari fat, ya cika muna kallo.

Da la'asar Hamida ta iso. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga zanen da aka lulluɓe shi da shi, ta dubi inda ramin yake, ta auna da tafin hannunta daga nan zuwa sama. Ta ce, "Yaya, nan ne kawai?" Na ce nan ne kawai. Sai ta juya ta dubi wuyan 'yan matan nan, ta daɗe tana dubawa. Wallahi gara a ce ta yi ihun.

Tana fita takaba, Alhamis ta farko, ta tara su bayan aji, ta ce kowa ta aje tsintsiya. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zo ta ɗauke ni daga bakin kasko ta ce in kwanta bisa tabarma, ni ce wanda aka harba. Na ce, "Kan uban can! Duk garin nan ba ki ga wadda za ki harba ba sai ni?" Ta ce ni ke da cinya irin ta manya, ta yara ba ta koya masu komi. Haka na kwanta, uwar 'ya'ya shida, yara na ƙyalƙyala dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. A naɗa ƙyallen sama da raunin, a ƙulle, a sa guntun icce a ƙara ƙullewa, sannan a yi ta murɗawa. Wata yarinya, Sumayya, mai hannu kamar tsinke, ta murɗa sau biyu na ƙwala ƙara, ta saki. Hamida ta daka mata tsawa, "Wa ya ce ki saki? Idan bai yi ihu ba ba ki ɗaure ba. Ƙara murɗawa!" Na zage ta, na zagi boko, na zagi wanda ya kawo sikawut duniya. Na yi sati ina ɗingishi, cinyata baƙi ƙirin.

Ta kuma kafa masu doka guda, tana maimaita ta har na haddace ina suya. Idan mutum biyu sun faɗi, ba a duba wanda ka sani ko wanda ka fi so. Wanda rauninsa ke hannu ko ƙafa, inda ɗauri zai ci, shi ake fara ruga ma wa. Na ciki ko na ƙirji ƙyalle ba ya ɗaure shi, sai dai wani ya danne da hannu a jira ikon Allah.

Abin da Malam Badamasi ya faɗa kuwa ya faru. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Aka yi ta magana a majalisa, wai mutuwar miji ta taɓa mata kai, wai tana lalata tarbiyyar yara. Wani uba ya zo har fili ya fizge ɗiyarsa ya falla mata mari a gabanmu. Hamida ta ce mashi, "Alhaji, ranar da aka harbe ka, ɗanka na daji. Wa kake so ya tsaya a kanka?" Ya ce Allah ya tsare shi da bakinta. Aka bar ta da 'yan kaɗan, galibi marayu da ba mai hana su. Ta rame, ta ƙara zafi, ba ta fasa ko Alhamis ɗaya ba.

Shigowa ta biyu ranar Alhamis ɗin ce, da yamma, maza na cikin maci. Ina jin kakin ne ya ja su, suka ɗauka 'yan sa-kai ne, don kai tsaye makaranta suka nufo. Malam Badamasi ya busa usur ya kora yaran ta bayan katanga, ya bi su yana tura na baya. Hamida ta tsaya a gibin katangar tana cusa ƙanana. Na ga wani dogo ya sauko daga mashin ya ɗaga bindiga, na ji ƙara, na ga ta zauna daɓas kamar wadda ta gaji. Kaskona ya kife, mai ya kama da wuta. Jabiru mai faci, wanda ke da rumfa tsallaken hanya, ya taso da gudu, suka harbe shi ya faɗi tsakiyar fili. Suka banka ma ofishin hedimasta wuta, suka wuce cikin gari suna harbi.

Na rarrafa na isa gare ta. A ciki harsashin ya same ta, ƙasan haƙarƙari. 'Yan matan suka fito daga aji suka zube a kanta, kowace ta kwance ƙyallenta tana miƙowa, suna "Malama! Malama!" Can tsakiyar fili Jabiru na birgima, wandonsa ya jiƙe jawur, jinin na tsartuwa irin na Abdulƙarim.

Hamida ta buɗe ido ta ce, "Ina nawa raunin yake?"

Sumayya ta ce, "A ciki, Malama."

"Na Jabiru fa?"

"A cinya."

"To mi kuke yi nan?"

Ba wadda ta motsa. Ta tattara abin da ya rage mata na murya ta ce, "Yaya ta isa ta danne nan. Ku tashi, don ubanku!" Ban taɓa jin ta yi zagi ba sai ranar.

Sumayya ta tashi tana kuka, ta fizgi matsamin ƙosaina na ƙarfe daga cikin toka, sauran suka bi ta, ana ta harbi a cikin gari. Ƙato ne Jabiru, mai mata biyu. Yara biyu suka danne mashi kafaɗu, ɗaya ta yage wandon, Sumayya ta naɗa, ta ƙulle, ta sa matsamin ta fara murɗawa. Ya kurma ihun da ya fi ƙarar bindiga.

Hannuwana biyu na cikin jinin ƙanwata, yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Ta ce, "Yaya, ba ni gani. Ta saki?"

Na ce, "Ba ta saki ba."

"Yana ihu?"

"Kamar ana yanka shi."

Ta ce, "Yawwa." Na laƙƙana mata shahada ta amsa. Kafin maza su dawo daga daji ta tafi.

Jabiru na nan da ransa, yana jan ƙafar, yana facinsa. Har yau akwai masu cewa bai dace yara mata su yage ma namiji wando ba, amma ba su faɗi kusa da kaskona. Sumayya ce ke tara 'yan matan yanzu, sun ɗan ƙaru. Duk Alhamis ina sauke kasko in je in kwanta bisa tabarmar nan. Sabbin tausayi gare su, da na ɗan yi nishi sai su saki. Sai in ɗago kai in ce, "Wa ya ce ki saki? Kin ji na yi ihu? Ƙara murɗawa."