Fiton Injin Baba

A shekarar da na fara aiki a gidan rediyo, injin ban ruwan Baba ya soma wani siririn fito a bakin kogin Komadugu. Tattasai na fure, in ya yi kwana uku ba ruwa shi ke nan, noman bana ya tafi. Baba kuwa bai yarda kowa ya taɓa injinsa ba sai Kawu, wan mahaifiyata, bakaniken da ake cewa da kunne yake gyara. Tun lokacin tashin hankali Kawu ya koma Maine-Soroa, can Nijar, ciwon ƙafa ya zaunar da shi.

Baba ya kira shi, ya kara wa injin waya kamar zai gaisa da suruki.

"Lafiyarsa lau," in ji Kawu. "Kunnenka za a duba."

Baba ya wuni yana huci. Ni kuma, sabuwar ma'aikaciya mai ɗokin nuna ilimi, na samu abin da nake nema.

"Baba, ɗaukar sauti kamar duba buhun tattasai ne: wanda ya ɗibi kaɗan, ruɓaɓɓen sai ya wuce masa. Waya sau dubu takwas take ɗibar sauti a sakan, siririn kuka sai ya kuɓuce mata. Na'urarmu ta gidan rediyo sau dubu arba'in da takwas. Abin da muke kira bit kuma sikelin sauti ne, mai ashirin da huɗu ya fi mai sha shida auna ɗan ƙaramin abu."

"To ke da sikelinki ku shiga mota," ya ce.

Na ɗauki kukan injin a na'urar, na kai wa Kawu har gida, na sa masa abin sauraro a kunne, ina ta yanga. Ni daga nesa ma ina jin fiton. Ya saurara sau uku, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ƴata, akwai wani abu a ciki?"

Raina ya sosu, yangar ta gudu: ashe kunnen Kawu ya daina kama siririn sauti. Na tattara leɓe na yi masa fiton da bakina, ƙasa-ƙasa, yadda yake tashi yana yankewa.

"Boris ne. A canja shi yau." Ya cire abin kunnen a hankali. "Me za ki ce wa babanki?"

"Laifin waya ne, Kawu."

Aka canja boris, ƙarfen nan mai ƙwallaye da injin ke juyawa a kai, tattasai ya yi ja har muka rasa wurin shanya. Har Allah ya karɓi ran Kawu, Baba bai daina zagin waya ba, ni kuma ina taya shi.