Masu Rawa Marasa Fuska

Mu ba mu san murhun tsakar gida ba, don tsakar gidan ma ba mu da ita. A wani tsohon bene muka tashi a unguwar Al-Oud. Amma idan sanyin Riyadh ya sauko, Kaka, mahaifiyar Baba da aka ɗauko daga Maraɗi, sai ta hura gawayi a kasko can saman rufi bayan magariba, ta tara mu ni da yayana Sani. Wai sai mun ji Hausa, ko muna so ko ba ma so. Mu kuwa Larabci ya fi zama a bakinmu.

"Ya jadda, khalas, sanyi fa!" in ji Sani.

"Jaddar gidanku! Kaka nake. Zauna."

Kullum akwai wani ƙyalle mai launin jar ƙasa a cinyarta. Wani direba Ba'indiye, abokin aikin Baba, shi ya ba Baba ƙyallen ranar da zai koma ƙasarsu. Ya ce zanen mutanensu ne, Warli, mahaifiyarsa ta yi shi da ƙullun shinkafa da ƙaro, da tsinken gora da ta tauna bakinsa. Fararen mutane ne ƙanana, jiki tsuke a tsakiya kamar kalangu, kai ɗan ɗigo, hannu da ƙafa kamar tsintsiya. Sun riƙe ƙugun juna sun kewaye wani mai busa. Baba ya so ya yar, wai hoton mutane ne. Kaka ta fizge ta ce, "Ina ka ga mutum? Ko ido ba su da shi."

"Ga ta nan tafe, ku buɗe mata kunne," haka take farawa. Wai a wani gari, bayan kowane girbi mata kan zana mutanen garin a bango, ba fuska, ba babba ba yaro. Sai wata kyakkyawa ta ce ita ba za a yi ta daidai da mai dakau ba. A yi mata ido da hanci, a kuma yi ta ƙatuwa. Aka yi. Da gari ya yi shiru, mutanen bango suka tashi rawa, amma hannun kowa ya kasa kai wa ƙugunta. Ga ido an ba ta, sai kallo. Tana nan tana kallo har damina ta wanke bangon.

"Shi ke nan?" na ce. "To me ta yi? Ni ma ina son fuskata."

"Allah ya shirye ki, Hadiza. Ana ba ki tuwo kina tambayar wa ya yi tukunyar."

Wata rana Umma ta ga toka da ɗigon shayi a ƙyallen, ta cusa shi a injin wanki. Ya fito fes, ba mutum ko ɗaya. Kaka ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta. Daga baya ta dama shinkafa, ta tauna asuwaki, ta hau zana su a katangar rufi. Nata duk karkatattu ne, wani ma ƙafa uku gare shi. Sani ya yi dariya har ta bi shi da mafici. Mai gadin benen ya hau yana ihu da Larabci wai an hana, "Mamnu'! Mamnu'!" Dole Baba ya sayo fenti ya shafe, yana mita, tana mita.

Na girma, na karanta cewa a wajen masu zanen Warli, da'ira rana ce da wata, masu kusurwa uku kuma duwatsu ne da itatuwa, kuma ba don sayarwa suke yi ba tun asali, don biki ne da girbi. Yanzu ina ganin kwaikwayonsa a jikin matasan kujera a shagunan unguwar Malaz, inji ya buga, in ja tsaki in wuce.

Har gobe ina ganin an matsa wa matar nan mai ido. Sai dai shekarar da Baba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, direbobi da leburori 'yan uwanmu suka riƙa karɓa-karɓa: wannan ya kai shi asibiti, wancan ya ajiye buhun shinkafa a ƙofa ya gudu. Da ya samu sauƙi ya ce in lissafa masa su ya yi godiya. Na yi ta ƙoƙari, wallahi na kasa tuna fuskar ko mutum ɗaya. Haushi ya kama ni sosai, don na san tatsuniyar Kaka ce ta tabbata. Da tana raye, kallona kawai za ta yi, ta ci gaba da fifita gawayinta.