Gurbi na Goma Sha Bakwai

A shekarar da ƙodar Inna ta fara ba ta wahala, ina aikin rubuta manhaja a wani ƙaramin ofis a Tudun Wada, a saman shagon teloli. Babban aikinmu shi ne manhajar wani asibitin kuɗi a Federal Low-Cost, inda Inna take karɓar magani. Kafin a miƙa wa mara lafiya magani, manhajar takan duba halinsa: in ba matsala ta nuna kore, in akwai haɗari ta nuna ja.

Abin da yake yin wannan dubawar muna ce masa delegate, wato wakili. Kai ne za ka ɗora masa bayanai, shi kuma ya je ya dawo da amsa. Sai dai yana da iyaka, ba ya ɗaukar abu fiye da goma sha shida. Mu kuwa mun riga mun cika shi maƙil: shekaru, nauyi, hawan jini, suga, ƙoda, da sauransu.

Rannan likitan asibitin ya aiko cewa a ƙara juna biyu. Ina ƙarawa allon ya cika da jan rubutu, ya ƙi ci gaba. Dole in kai wa Oga, mai ofishinmu, maganar, kuma na san halinsa.

Gyaran ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A tattara bayanan duka a ɗaure su wuri guda kamar ƙunshin kaya, a miƙa wa wakilin a matsayin abu ɗaya. Amma sai an bi duk inda aka kira shi an sake rubutawa, an kuma gwada. Na faɗa wa Oga haka. Ya ce shi bai da wannan lokacin, ran Litinin ya yi alkawari. A Keke Napep ma, in ji shi, in wuri ya cika sai wani ya sauka. Ya ja kujera ya zauna yana bin sunayen da yatsa, ni kuma ina tsaye a kansa, har yatsan ya tsaya a kan ƙoda.

Na ce, "Oga, mahaifiyata a can take karɓar magani."

Ya ce masu ciwon ƙoda ba su da yawa, kuma wata mai zuwa za a mayar. Ni dama bakina ba ya shiru. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa mai gida, telolin ƙasa ma sai da suka tsayar da kekunansu. Washegari ya cire ni daga aikin, ya canja kalmar sirri.

Na je asibitin na yi wa mai ba da magani bayani, ya ce to, zai kula. Da na koma na tarar da wata sabuwar fuska a tagar. Inna kuwa na roƙe ta kada ta haɗiyi komai sai na gani. Dariya ta yi. Ita fa duk Dawaki ta gama shelar cewa 'yarta ce ta koya wa na'urar asibiti aikin likita. Wata ya wuce, wani ya shigo, ba a mayar da komai ba. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in yi sauri in duba ko Inna ce.

Wata Laraba da hantsi ta kira ni, muryarta wasai. Ta ce gwiwa ce ta dame ta tun makon jiya, ba ta so ta tayar mini da hankali, sai ta je da kanta aka ba ta ƙwayoyin kashe zafi, irin waɗanda likita ya hana masu ciwon ƙoda sha. Ƙafafunta ne dai suka ɗan kumbura. Na tambaye ta ko ta sha.

Ta ce, "Kullum nake sha, 'yar nan. Ai da idona na ga na'urarki ta nuna kore."