Awarwaron Malam

Shekarar da ciwon suga ya kada mijina Malam cikin fadamar albasa, daga Bodinga anka tura mu babban asibiti cikin birni. Ranar da ya samu gado, wata nas ta ɗaura mashi farar roba a wuyan hannu, mai baƙin zane siri-siri kamar haƙoran mataji. Ta ce kafin a auna jininsa sai na'urar awo ta haska zanen ta gane shi. In ba awo, ba allura, ba abinci.

Malam ya dubi hannunsa ya ce, "Da tsuhwana za a sa mani awarwaro? Ku kawo lalle ku cike ladarku."

Kwanakin farko da an kai na'urar sai ta yi ƙara, a tsaga yatsa, a wuce. Sannan ta fara gardama. Wata safiya ta ƙi sam.

Ina zaune da kwanon fura a cinya. Nas ta goge bakin na'urar da auduga, ta miƙe robar da yatsa, ta matso, ta ja baya. Ta juya hannun daga hasken taga. Ta kashe ta kunna. Jan haske na ta yawo bisa hannun tsoho, shiru. Shi ko gumi ya keto mashi, leɓe na rawa. Na san wannan rawar, ita na gani ranar fadama.

Na ce, "Ɗiyata, bari in ba shi hura."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba mu san ko sama jinin ya yi ko ƙasa ba."

"To auna mana! Ga mutum, ga yatsa."

"Ba ta buɗewa sai ta karanta."

Ta aika a bugo sabuwar roba, anka ce injin bugawa ya tsaya. Raina ya ɓaci. Na ga zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da muke layin sabulu da madara, asibiti ba ko ƙwayar ciwon kai. Amma ko sannan malamin asibiti fuskarka yake dubawa. Yau ga magani cike da kabad, ga mijina da na sani tun ba shi da gemu, wai ƙarfe bai gane shi ba.

Na miƙe na buɗe kwano. Na ce, "Ko ki auna ko in ba shi, zaɓi guda."

Ban ga laifin yarinyar ba. Ta ruga ta aro wata 'yar tsohuwar na'ura da ba ruwanta da zane. Jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ita da kanta ta riƙe mashi ludayi.

Da ya dawo hayyacinsa ta ɗaga hannun ta ce, "Baba, wa ya ja robar nan? Duk zanen ya yamutse."

Malam ya kama kallon rufi. Sai mai gadon kusa, wani makiyayi daga Horo Birni, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Ku tambayi buta, ita ad da labari."

Ashe duk lokacin da na tafi sashen mata yin salla, Malam kan shafa sabulu ya murɗe robar ya zare, ya rataye ta a wuyan buta, ya yi alwala ya mayar.

Na ce, "Malam, mi ya kai ka?"

"Ruwa ba shi kai ga hwata. In tashi gaban Ubangiji da lam'a don roba?"

Nas ta ce ruwa ba ya cin zanen, ja da sabulu ne ke kashe shi. Da sabuwar ta iso na ce ta bar mata sararin yatsa guda. Daga ranar na daina tafiya salla sai ya gama alwala a gabana: in tura robar sama ya wanke, in sauko da ita ya wanke, sabulu na cikin zanena.

"Kin zama ɗan doka," in ji shi.

"Wanke dai."

Kashegari na'urar ta yi ƙara tun kaiwar farko, ya sha furarsa ba gumi. Makiyayi ya ce a yi ma na'urar barka, ta tuna da Malam. Ni ban yi dariya ba.