Ranar da Motlib Ya Buɗe Gidan Khala Ambiya

Motlib Miah dillalin gidaje ne a Sylhet, kuma in ka ji ƙarar makullai a layi kafin ka ga mutum, to shi ne. Rabin manyan gidajen unguwarsu na mazauna Landan ne. Sai a gina bene, a zuba kujeru, a lulluɓe su da leda, a miƙa wa Motlib makulli a koma. Inda ake son 'yan haya ya saka, inda ba a so ya riƙa leƙawa yana korar ƙadangaru. Amanar nan ita ce jarinsa duka. Shi kansa ba shi da fili ko taku ɗaya, haya suke yi da matarsa Rehena a saman shagon tela.

Dillalan unguwar suna da ƙungiya, kuma kafin kowace damina sukan fito da shebur su yashe magudanai. Kada in yi masa ƙarya, Motlib ba don Allah ya fara ba. Ya dai lura mai gida ya fi sakin jiki da dillalin da ya gani cikin kwata har gwiwa. Amma a hankali aikin ya shiga jikinsa, har ya zama shi ke bi yana tayar da sauran.

Wata shekara kogin Surma ya yi ambaliya, ruwa ya cinye bukkokin bakin gaɓa tun da hantsi. Makarantar da aka saba kai mutane ta cika maƙil. Dillalai suka tsaya cirko-cirko da kwale-kwalen aro cike da mata da tsofaffi, an rasa inda za a nufa. Sai idanu suka koma kan ƙugun Motlib.

"Ɗan'uwa Motlib," in ji Foyez, abokin sana'arsa, "wannan tarin ƙarfen da kake yawo da shi, na ado ne?"

Gida ɗaya ne a kan tudu da zai ɗauke su, gidan wata dattijuwa Ambiya da ake kira Khala, wato Inna, kuma nan matsalar take. Mijinta ya gina shi ya rasu bai kwana a ciki ba. Ita kuma tana Landan, ta rantse ba mai ɗora tukunya a gidan sai ta zo an yi addu'ar tarewa, ta dafa abincin farko da hannunta. Ga shi bakinta ne ya samo wa Motlib kusan duk sauran makullan. In ta juya masa baya, 'yan Landan kaf za su bi ta, shi ke nan sana'a ta mutu. Ya kira, waya ta ƙi shiga. Ya dubi wata tsohuwa tana kakkarwa cikin jiƙaƙƙen zane, ya buɗe ƙofa.

Sai dai dillali ba ya barin halinsa. Falo da baranda da kicin ya sakar musu, ɗakunan kwana kuwa ya bar su a kulle. Mutane suka shimfiɗa tabarmi a kan tayil har ruwa ya janye.

Shi da Rehena sun yi wanki da guga har hannuwansu suka yi kanta, amma hayaƙi ya riga ya kama silin, labule kuma ya sha warin busasshen kifi. Da waya ta dawo ya faɗa wa Khala gaskiya. Ta ce, "Ina zuwa," ta kashe. Daga ranar abinci ya daina wuce masa, har wandonsa ya fara zamewa.

Ta zo, da sandarta. Ta shinshina labule, ta ɗaga kai ta dubi silin.

"Wa ya fara girki a nan?"

"Wata mai wankau ce, Khala. Shinkafa da ɗan kifi."

"Ta yi bisimilla?"

"Ta yi."

Suka hau sama. Motlib ya buɗe ɗakunan kwana da saurinsa, don nan kaɗai yake da abin nunawa. "Duba, Khala, ko yatsa ba a sa ba."

Ta daɗe tana kallon katifun cikin ledarsu.

"Tsofaffin a ina suka kwana?"

"A falo."

"A ƙasa? Kan wannan tayil mai sanyin tsiya, ga katifu nan suna hutawa? Ɗan nan, anya akwai kai a wuyanka? A bakin kogin nan aka haife ni, na san kwanan ƙasa da jiƙaƙƙen zane. Ka yi ƙarfin halin buɗe mini gida, sannan ka yi rabin aiki."

Ta miƙo masa hannu. Motlib ya ce a ransa ta faru, ya fara zare makullinta daga cikin sauran.

"Me kake yi kuma? Kama ni za ka yi in sauka, gwiwoyin nan ba nawa ba ne. Riƙe abinka. Baɗi in ruwa ya zo, ka fara da ɗakunan sama."

Ya kama hannunta suka sauko a hankali. A matakalar ƙarshe ya zauna daɓas, wani sanyin daɗi ya ratsa shi har ido ya kawo ruwa. Khala ta zungure shi da sanda ta ce ya tashi ya nemo mata mai wankau ɗin, tana son ganin wadda ta tare mata a gida.